MOTAR KAMFANI, WUTAR MAI GIDA

A cikin watan Yuli na shekarar 2020, kamfanin British Gas, wanda ke sayar da iskar gas da wutar lantarki ga miliyoyin gidaje a ƙasar Birtaniya, ya ba da sanarwar cewa ya yi odar motocin a-kori-kura guda 1,000 masu aiki da batir daga kamfanin Vauxhall. Ba a cika shekara ba, cikin watan Fabrairu na 2021, ya ƙara odar wasu 2,000. Aka yi ta yaba wa kamfanin, aka buga hotunan motocin a jere, sababbi fil, aka kuma ji alkawarin da uwar kamfanin, watau Centrica, ta ɗauka na mai da dukkan motocin aikinta, wajen 12,000, su koma na lantarki kafin ƙarshen shekarar 2025. Abin da bai samu shiga hoto ba shi ne wurin da waɗannan motoci za su riƙa kwana, alhali kuwa a nan duk maganar ta ke.

Mutanen da ke tuƙa motocin nan masu gyara ne da ke bin gida-gida suna duba tukwanen ɗumama ɗakuna da bututun gas da mitoci. Ba su da wani gareji da su ke haɗuwa kullum safiya. Mutum kan tashi daga gidansa, ya duba jerin ayyukan da aka aiko masa, ya nufi gidan farko kai tsaye, in kuma ya tashi aiki da yamma ya koma gida da motar, kayan aikinsa na ciki. A lokacin da motocin ke shan man dizal, wannan tsari bai taɓa damun kowa ba. Kamfani ya ba ma'aikaci katin shan mai, ya tsaya gidan mai na minti biyar, lissafi ya wuce ofis, iyalinsa ba su ma san an yi ba. To, motar batir ba ta ƙoshi cikin minti biyar. Tana bukatar dogon lokaci a tsaye, dogon lokacin da ta ke da shi kuwa shi ne dare, daren kuma a ƙofar gidan ma'aikaci ya ke riskar ta. Ta haka ne, ba tare da wani biki ba, gidan ma'aikaci ya wayi gari ya zama gidan man kamfani.

Domin mai karatu ya gane girman abin, ya kamata a faɗi yadda motar ta ke. Sunanta Vivaro-e, ta kuma fito da batir iri biyu, ƙarami mai ɗaukar yunit 50 na wuta, da babba mai ɗaukar yunit 75. Yunit ɗin nan ba wani baƙon abu ba ne, shi ne dai wanda mai mitar kati ke saya a nan Nijeriya. A gwajin hukuma babban batirin kan kai mota mil 205, amma kowa ya san gwaji daban, titi daban. In an lafta mata kaya, ko an shiga hunturu direba ya kunna abin ɗumama jiki, sai tafiyar ta ragu ainun. In an jona ta a soket ɗin bango irin wanda a ke jona rediyo, sai ta haura awa 30 kafin ta cika daga ƙasa. In an kafa mata akwatin caji na musamman a bangon gida, mai ƙarfin kilowat 7, takan cika cikin awa 11 da 'yan mintoci, watau daga magariba zuwa wayewar gari. A manyan tashoshin caji na bakin hanya kuwa, cikin minti 45 za ta sami kashi 80 cikin 100.

Su dai Turawan Ingila motar aiki mai batir ba sabuwa ba ce gare su. Tun kafin a haifi da yawa daga cikin masu karatu, ƙananan motocin batir ne ke raba madara gida-gida da asuba a garuruwansu, domin ba su da ƙarar da za ta tashi mai barci. Sai dai waɗancan motoci in sun gama zagaye sukan koma harabar kamfanin madara, a jona su a can, a kan mitar kamfani. Hukumar gidan waya ta Royal Mail ma, wadda motocinta na lantarki suka kai 5,000 a shekarar 2023, a ofisoshinta na rarraba wasiƙu ta ke yi musu caji. Abin da ya ke sabo shi ne shigowar igiyar wutar kamfani cikin gidan da ba na kamfani ba.

Me ya sa kamfanoni ke ɗokin wannan tsari? Amsar tana cikin farashi. A Birtaniya yunit ɗin wuta ba farashi ɗaya gare shi ba, ya danganta da inda aka sha shi da kuma lokacin da aka sha. A lissafin kwabon Ingila, wanda 100 ke yin fam guda, a cikin shekarar 2024 yunit ɗin wutar gida ya yi ta kai da kawowa tsakanin kwabo 22 da kwabo 29. Wanda ya shiga tsarin wutar dare na masu motar lantarki yakan sami yunit a ƙasa da kwabo 10 a tsakar dare. Amma a manyan tashoshin caji masu sauri na bakin hanya, yunit ya haura kwabo 70. Hatta haraji ma ya daɗe yana nuna bambanci, domin ana ɗora harajin ciniki na kashi 5 cikin 100 a kan wutar gida, ana kuwa ɗora kashi 20 a kan wutar tashar caji. Ke nan cika babban batirin nan kan iya tashi wajen fam 5 da wutar dare, ko wajen fam 19 da wutar gida ta yau da kullum, ko kuwa fam 50 da ɗoriya a bakin hanya. Mota ɗaya, tafiya ɗaya. In aka ninka wannan rata sau motoci dubu, sau kwanakin aiki na shekara, mai karatu zai ga dalilin da ya sa akantocin kamfanoni suka ƙwallafa rai a kan bangon gidan ma'aikaci.

Bayan kuɗin wuta akwai kuma kuɗin lokaci. Ma'aikacin da ya tsaya tashar caji da rana, ya bi layi, ya jira minti 45, albashinsa na tafiya, gidan da ke jiransa da tukunyar da ta mutu cikin sanyi kuma na nan na jira. Wanda ya yi caji a gida kuwa yana barci motarsa na cika. Har ila yau kamfani ya huta da sayen fili, da gina gareji, da neman a jawo masa babban layin wuta, abin da kan ci kuɗi masu yawa ya kuma ɗauki watanni, wani lokaci shekaru. A gaskiya dabara ce mai kyau, ba kuma laifi ba ne kamfani ya nemi sauƙi. Tambayar ita ce, sauƙin nan a kan wuyan wa ya sauka?

A ɗauka misali, ba don haka kowane ma'aikaci ke yi ba, cewa mutum na tafiyar mil 60 a rana, motarsa kuma na cin yunit ɗaya a kowane mil biyu da rabi. Yunit 24 ke nan kullum. Hukumar Ofgem, wadda ke kula da harkar gas da lantarki a ƙasar, ta ƙiyasta a shekarar 2023 cewa matsakaicin gida kan sha yunit 2,700 a shekara, watau bai kai yunit 8 a rana ba. Ashe baƙuwar da ke kwana a ƙofar gida ta ninka gidan duka ci har sau uku, da firjinsa da talabijin da fitilu da injin wanki. A wata mai kwanakin aiki 22 za ta sha yunit 528. A watan Oktoba na 2022, sa'ad da yaƙin Rasha da Yukiren ya sa farashin makamashi ya yi tashin gwauron zabo a Turai, yunit ɗin wutar gida ya kai kwabo 34, duk da tallafin da Gwamnati ta sa. A wannan farashi lissafin motar ya doshi fam 180 a wata. Kuɗin nan ba ofis a ke kai wa takardarsa ba. Sunan mai gida ne a kai, daga asusunsa na banki a ke cira, tare da kuɗin wutar dafa abincin 'ya'yansa. In kamfani ya ce zai mai da masa a ƙarshen wata tare da albashi, to har zuwa ranar ma'aikaci ne ya ranta wa kamfaninsa kuɗi, ba ruwa, ba godiya.

Wannan al'amari ba zai yi wa Bahaushe wuyar ganewa ba. Mai dukiya kan ba wani doki ya ɗaure masa a gidansa. Dokin na mai shi ne, ranar hawa shi za a gani a kai, amma turke na mai gida ne, shi zai ji haniniya da dare, shi zai kwashe kashi da safe. Tun fil azal an san cewa zaman lafiyar irin wannan kiwo ya rataya a kan abu ɗaya, watau a yanke tun farko wa zai kawo dawa da harawa, mudu nawa, dami nawa, kuma yaushe. In aka bar abin a kan "ai za a gani", ƙarshenta zumunci ne ke lalacewa.

Hanyar farko da aka bi wajen auna wannan harawa ita ce biya a kan mil. Hukumar haraji da kwastan ta Birtaniya ta daɗe tana fid da ma'aunin abin da kamfani zai iya mai da wa ma'aikaci a kan kowane mil na aiki a ƙaramar motar kamfani ba tare da an ɗauke shi a matsayin ƙarin albashi ba. A watan Satumba na 2018 ta fid da na motar lantarki, kwabo 4 a mil. Ya zauna a haka fiye da shekara uku, sai a Disamba na 2021 ya koma kwabo 5. A kwabo 5 ɗin nan ya ke sa'ad da yunit ya kai kwabo 34, lokacin da ƙaramar mota mai tattalin wuta ma ke cin wajen kwabo 9 a mil. Sai a Disamba na 2022 aka ɗaga shi zuwa kwabo 8, bayan ma'aikata sun riga sun sha. Ma'aunin kuma don ƙananan motoci aka yi shi. Duk kamfanin da ya ɗauke shi ya auna a-kori-kura mai kaya da shi, wadda a lissafin da ya gabata ke cin fiye da kwabo 13 a mil, ya san ya tauye mutum. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Aibin biya a kan mil shi ne ba ya kallon inda aka sayi wutar. Mai wutar dare ya ci riba, mai tashar bakin hanya ya yi hasara, alhali aiki ɗaya suka yi wa kamfani ɗaya. Hukumar ba ta amsa wannan a aikace ba sai a watan Satumba na 2025, sa'ad da ta raba ma'aunin gida biyu, kwabo 8 ga wanda ya yi caji a gida, kwabo 14 ga wanda ya yi a tashar jama'a. Shekara bakwai ke nan kafin a yarda da abin da kowane direba ya gane tun makon farko. Ƙasar Jamus kuwa, a shekarar 2021, wata hanya ta bi ta yanke kuɗi dunƙule, yuro 70 a wata ga wanda ba shi da wurin caji a wajen aiki, yuro 30 ga wanda ke da shi. Wannan ya rage wahalar takardu, amma shi ma ma'auni ne na ido, mai doguwar tafiya ya cutu, mai gajera ya dara.

Hanyar da ta fi kusa da adalci ita ce wadda ta bar ƙiyasi ta koma ga awo. Akwatin caji na zamani yana da nasa ma'auni a ciki, yana kuma aika bayani ta intanet, yunit kaza, ƙarfe kaza, rana kaza. In aka haɗa wannan da ainihin farashin da gidan ke biya, za a san kuɗin motar har kwabo. Wani ƙaramin kamfani mai suna Mina, na birnin Sheffield, ya yi suna da ƙara mataki ɗaya a kan haka, watau maimakon a ba ma'aikaci kuɗin, sai a tura su kai tsaye ga kamfanin da ke ba gidansa wuta, a zuba cikin asusunsa. Kuɗin mota ba su bi ta aljihunsa ba balle ya jira. A shekarar 2023 babban kamfanin nan mai katin shan mai na Allstar ya saye shi, abin da ke nuna cewa masu sana'ar katin mai sun hango inda kasuwa ta dosa. A cikin wannan shekara ce kuma hukumar haraji ta gyara bayaninta, ta ce kuɗin da kamfani ya mai da wa ma'aikaci na wutar da ya zuba wa motar kamfani a gida ba za a cire masa haraji a kai ba, muddin an tabbata motar ce ta sha.

Amma ko awon ma bai rufe magana ba. Wutar dare mai arha ba kyauta ba ce. Tun 1978 Ingila ke da tsarin da a ke kira Economy 7, mai ba da awa bakwai na rangwame da dare, sharaɗinsa kuwa har kullum shi ne abin da aka rage da dare a kan ƙara shi da rana. Sababbin tsare-tsaren masu motar lantarki ma yawanci haka su ke. To, in mai gida ya koma irin wannan tsari saboda motar kamfani, kamfanin ne ke cin arhar dare, uwargida da ke wanki da guga da rana ita ke biyan tsadar rana. In kuwa ya ƙi komawa, kamfani na iya ganin ana sa shi biyan ninki uku ba gaira ba dalili. Ga kuma wata tambaya, in matar gidan ta sayi tata motar lantarki, ko baƙo ya zo da tasa, aka jona a akwatin kamfani fa? Ana maganin wannan da kati ko lambar sirri, ko a gwada awon akwati da bayanin da motar ke aikawa. Sai dai duk wannan bayani da ke fita yana gaya wa ofis ƙarfe nawa mutum ya dawo gida, ƙarfe nawa ya fita, wace rana bai kwana a gida ba. Wanda ya bar kamfani ya kafa akwati a bangonsa, ya kafa masa ido ne a ƙofar gida, ko da kamfanin bai yi nufin leƙe ba.

Duk wannan magana ta wanda ke da wurin ajiye mota ce. Babban dutsen da shirin ya ci karo da shi kuwa shi ne waɗanda ba su da shi. Kusan gida ɗaya cikin uku a Ingila ba shi da farfajiya ko gareji, a London da tsofaffin garuruwan masana'antu abin ya fi haka. Dogayen layukan gidaje ne manne da juna, ƙofa na buɗewa a kan hanyar masu tafiya a ƙasa, mota na kwana a bakin titi duk inda aka sami gurbi, yau a ƙofar gida, gobe a can ƙarshen layi. Ba a yarda mutum ya shimfiɗa igiyar wuta haka kawai ta ratsa hanyar jama'a ba, don kada makaho ko tsohuwa ko mai keken jariri ya yi tuntuɓe. Wanda ke zaune a bene hawa na biyar ba a ma maganarsa. Ɗan haya kuma sai mai gida ya yarda kafin a huda masa bango. Abin lura shi ne, mai gyaran tukunya da mai gyaran waya, waɗanda su ne ke tuƙa a-kori-kura, sun fi manajansu yiwuwar zama a irin waɗannan gidaje. Manaja mai farfajiya shi ke da wutar kwabo 10, leburan da ya fi shi tafiya shi ke bin layin wutar kwabo 70.

Kamfanin Centrica da kansa ya ɗanɗana wannan. Ya kafa akwatunan caji a gidajen ma'aikatan da ke da wuri, amma daga baya ya ɗage wa'adin da ya ɗibar wa a-kori-kurarsa daga 2025 zuwa 2030, cikin dalilan da ya bayar kuwa har da cewa ba duk ma'aikatansa ke da farfajiya ba, tashoshin caji na jama'a kuma ba su yaɗu da saurin da aka zata ba. Wannan kamfani ne da sana'arsa ke nan, sayar da wuta da kafa irin waɗannan akwatuna. In shi ya yi tuntuɓe a nan, ƙaramin kamfanin fenti mai mota goma fa? Ana dai ta neman dabaru. A yankin Oxford an gwada yanka ɗan siririn rami a hanyar masu tafiya a ƙasa, a kwantar da igiya a ciki don kada ta tare kowa. Wasu ƙananan hukumomi sun sa wurin caji a jikin turakun fitilun titi. Tun watan Yuni na 2022 kuma doka ta wajabta wa masu gina sababbin gidaje a Ingila su sa wurin caji a duk gidan da ke da wurin ajiye mota. Amma sabon gida bai amfani wanda ke zaune a gidan da aka gina tun zamanin Sarauniya Biktoriya ba.

Akwai kuma mai magana na uku, wanda ba kamfani ba ne, ba kuma ma'aikaci ba, watau masu layin wuta. Akwatin kilowat 7 kan ja amfiya 32 awa bayan awa, babban fis na tsofaffin gidaje da yawa kuwa amfiya 60 ne, wasu gidajen ma layi ɗaya su ke rabawa da maƙwabci. Saboda haka dole a sanar da kamfanin rarraba wuta na yankin, wani lokaci sai ya zo ya sake fis ko ya raba layin tukuna. Abin da ya fi damun su shi ne ɗabi'ar ɗan Adam. Mutum ya dawo aiki ƙarfe shida, ya jona mota, ya shiga gida, daidai lokacin da duk unguwa ta ɗora tukunya ta kunna fitila. In motoci goma a layi ɗaya suka yi haka, taransifomar unguwa ce za ta ji a jikinta. Don a gane zurfin wannan ne hukumar Ofgem ta tallafa wa wani babban gwaji mai suna Optimise Prime, daga 2019 zuwa 2023, wanda kamfanin Hitachi da UK Power Networks suka jagoranta, inda aka bi diddigin motocin British Gas masu caji a gida, da na Royal Mail masu caji a ofis, da na direbobin Uber masu yi duk inda suka samu. Tun kafin a gama gwajin Gwamnati ta kafa doka, daga 30 ga Yuni 2022, cewa duk akwatin cajin gida da za a sayar ya zo a saite yadda ba zai fara aiki ba tsakanin ƙarfe 8 da 11 na safe, da tsakanin ƙarfe 4 na yamma da 10 na dare a ranakun aiki, sai in mai shi ya sake saitin. Har ma an ce ya riƙa yin ɗan jinkiri na ba-zata, wanda bai wuce minti goma ba, don kada dubban akwatuna su farka a daƙiƙa ɗaya. Wannan doka ta yi ma'ana, sai dai ma'aikacin da ke kan jiran kiran gaggawa da dare ba zai so ya fito ƙarfe tara ya tarar motarsa na jiran wuta ta yi arha ba.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan hira ce ta Turawa kurum. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, masu motocin haya da kamfanonin kai saƙo a Nijeriya sun fara waiwayar batir. A watan Disamba na wannan shekara Shugaba Tinubu ya ƙaddamar da motocin haya da Gwamnatin Jihar Borno ta saya a Maiduguri, cikinsu har da tasi masu lantarki. A nan kuwa direba ya kwana da mota ko babur ko keke mai ƙafa uku a gida abu ne da aka saba. Tambayoyin can duk za su zo nan, da ƙari. A watan Afrilu na 2024 an ɗaga yunit zuwa naira 225 ga unguwannin rukunin farko, waɗanda aka yi wa alkawarin wutar awa 20 a rana, kafin a ɗan rage daga baya, sauran unguwanni kuwa wutarsu ta fi arha amma ba ta da tabbas, tsarin da ya dogara ga dare kuma yana bukatar wutar da ke kwana. Ga gidajen da ba su da mita, ana yi musu lissafin ƙiyasi. Ga kuma gidan haya mai ɗaki goma da mita ɗaya, inda a ke raba kuɗin wuta a kan yawan ƙwan fitila da dutsen guga. Ranar da ɗan ɗaki na bakwai ya jawo igiya ya jona keken kamfaninsu, ba sai an kira akanta ba, matan gidan za su yi lissafin.

A can Birtaniya dai abin ba zai tsaya ba, domin doka ta ɗora wa masu ƙera motoci cewa kashi 10 cikin 100 na sababbin a-kori-kurar da suka sayar a 2024 su kasance marasa hayaƙi, adadin kuma ya yi ta hawa har ya kai kashi 70 a 2030. Akwatuna za su yi ta ƙaruwa a bangayen ma'aikata, kowane akwati kuwa na ɗauke da tambayar da ba a cika son yi ba ranar kafa shi. Kafa shi kan ci kusan fam 1,000. In ma'aikaci ya bar aiki bayan wata shida, na wa ne? Wasu kamfanoni kan bar masa, wasu kan sa shi ya sa hannu cewa zai biya wani kaso in ya tafi da wuri, wasu kan turo a kwance. In ya tashi daga gidan, wa zai biya na sabon gida? In akwatin ya lalace, ko igiya ta ka da ɗan maƙwabci, inshorar wa za a nema? Ba tambayoyin banza ba ne, domin zaman ma'aikaci da kamfani ba aure ba ne. A farkon shekarar 2021, daidai lokacin da British Gas ke odar motocin nan 2,000, ma'aikatansa 'yan ƙungiyar ƙwadago ta GMB na cikin yajin aiki a kan sababbin sharuɗɗan aiki da kamfanin ya kawo, masu ƙarin awoyi. Yajin ya ja makonni, a watan Afrilu kuma wasu ɗaruruwa da suka ƙi sa hannu suka rasa aikinsu. Motar kamfani a irin wannan rana ba ta da wuya, a miƙa makulli a tuƙa ta a tafi. Akwatin kuwa da ƙusoshi aka ɗaure shi a bango, igiyarsa ta ratsa ta cikin gida har zuwa mita.